Minti Huɗun da Na Yanke wa Kawu

Ban sami jana'izar Kawu ba. Da hantsi aka kira ni ina Katsina, ina tsakiyar hira da wani mawaƙi a sutudiyo. Kafin in sami motar Kankara, in hau mashin zuwa Mabai, an riga an kai shi an dawo. Na tarar da tabarmi a shimfiɗe tun daga ƙofar gida har gindin ɗorawa, takalma zube ko'ina, jama'a na ta shigowa. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Na sha faɗa wa wasu haka a gidajen makoki, ranar ne na ji nauyin maganar a ƙirjina.

Tsofaffin manoma suka fi yawa a wurin. Wani dattijo da ya taso tun daga Faskari ya yi addu'a ya shafa, ya yunƙura zai tashi ya kasa, sai ya koma ya zauna.

"Wanga bawan Allah ya taɓa sa ni na karya garma biyu rana guda," in ji shi. "Da na ji takena cikin gangarshi sai in manta ina da ƙugu. Ga shi yau ƙugun ya tuna da ni."

Aka yi dariya, aka yi saurin haɗiye ta. Liman ya ce shi shaidar da zai bayar ita ce Kawu bai taɓa barin kiɗa ya ci masa azahar ba, ana kiran salla zai kife ganga ko da aiki ya yi zafi. A bayana kuwa na ji wani magidanci, wanda aƙalla ya ba talatin baya, yana tambayar na kusa da shi a hankali, "Wai da makaɗi ne?" Raina ya ɓaci, har na juya zan yi magana, sai na tuna ba laifinsa ba ne. Tambayar nan ce ta sa na zauna nake wannan rubutu.

Na shiga cikin gida in yi wa mata gaisuwa. Inna, matar Kawu, tana ganina ta rufe fuska da mayafi. Kusa da ita akwai wata tsohuwa siririya tana jan carbi. Hajiyar Damari ce, 'yar mutumin da ya koya wa Kawu kiɗa, wadda Kawu yake kira Yaya. Na durƙusa.

"Hajiya, ya haƙuri?"

Ta daɗe tana kallona. "Kai ne mai rediyo."

"Ni ne, Hajiya."

"To," ta ce, ta ci gaba da jan carbinta.

Ta gane ni sarai, kuma na san da abin da ta gane ni. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na yi wa Kawu laifi, laifin ya shafe ta. Na nemi gafararsa, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ga shi an rufe shi da amsar a bakinsa. Mutane na zaune suna cewa sun yafe wa mamaci. Ni kuwa ina zaune a cikinsu, tsoro nake ji ko mamacin ya yafe mini.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, don mahaifina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Sana'ar Kawu kiɗan noma. Da can idan damina ta kankama, mai gona kan kira gayya, ya tara jama'a su taya shi aiki, ya ciyar da su. A jera ƙarfafa da garma, makaɗi na biye da su da ganga. Duk manomin da ya isa yana da takensa, wato kiɗan da in an buga kowa ya san da shi ake. Kawu ya san taken manoman Mabai da Damari da ƙauyukan Faskari fiye da yadda ya san shekarun 'ya'yansa.

Dogo ne, baƙi, ba ya son hayaniya, abin mamaki ga mai wannan sana'a. Farin goro kawai yake ci. Gularsa, sandar da yake buga ganga da ita, ba ya ara wa kowa, ko Inna ba ta share inda take. Da safe yakan shafa fatar ganga ya ce yau za a yi ruwa, kuma yakan ci fiye da yadda yakan faɗi. In ya faɗi sai ya ce akuyar da aka yi fatar da ita ce maƙaryaciya.

Ba ya yi wa rago kiɗa ko nawa zai bayar. Na tuna wani alhaji daga Kankara da ya zo kallon gayya cikin babbar riga, ya ce shi ma a buga masa take. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga garma nan." Alhaji ya ga idon jama'a, ya naɗe riga ya kama. Da ƙyar ya kai ƙarshen kunya ɗaya yana haki. Kawu ya bi shi da kiɗa daidai tsawon kunyar, yana ajiye garma shi ma ya tsaya cak. "Iyakar naka ke nan, Alhaji. In kana son ƙari, ga wata kuyya." Har alhajin ya rasu ana tsokanarsa da wannan.

Akwai abu ɗaya da ba ya tsallakewa. Kafin ya buga wa kowa take, sai ya tsaya a bakin gona ya yi abin da yake kira kan kiɗa. Zai kira sunan maigidansa na Damari, ya faɗi ɗan abin da aka san shi da shi, ya buga takensa. Sai wanda ya koya wa maigidan, sai wanda ya koya wa wancan, har mutum bakwai, kowa da garinsa. Gaskiya abin ba shi da armashi. Babu amshi, babu rawa, rana na ɗagawa, manoma na dogare da garma suna hamma. Ina cikin masu hammar.

Na taɓa ce masa, "Kawu, wa ke jin ka? Ai sun mutu."

Ya ce, "Ka je can ka gano ba su ji?"

Da na gama sakandare na ce aikin jarida zan yi, kuma ɓangaren makaɗa da mawaƙa da 'yan wasa. Mahaifina ya kusa haɗiye harshensa. A gaban Kawu ya ce, "Mun sa ka boko don mu raba ka da ganga, kai kuma za ka koma bin makaɗa da biro?" Maganar ta soki Kawu, na ga yadda ya daina tauna goro. Ranar kasuwar Kankara ya ja ragon da Inna ke kiwo don layya, ya dawo da 'yar rikoda mai kaset a cikin leda, ya ajiye mini a kan tabarma. Inna ta yi kwana uku ba ta yi masa magana.

Shi ne kuma ya koya mini aikin, shi da bai taɓa shiga aji ba. A kasuwar Kankara muka sami wani mai kukuma, na kafa masa rikoda a baki ina yi masa tambayoyin da na haddace. Shekararka nawa? Yaushe ka fara? Waɗanne ƙalubale kake fuskanta? Mutumin sai "e" da "a'a" yake ba ni, idonsa na kan mai tsire. Kawu ya ja ni gefe.

"Kai alƙali ne? Tambaye shi wa ya koya mashi."

Na koma na tambaya. Mutumin ya ajiye kukuma a cinya, ya gyara zama, ya yi magana har kaset ya ƙare na juya. Tun daga ranar ban taɓa yin hira ban yi wannan tambaya ba. Da ita na ci abinci, da ita na yi aure. Na yi tambayar ga 'yan fim da mawaƙan fiyano da masu barkwanci, kuma ban ga bakin da ba ta buɗe ba. Ku riƙe wannan, don ku ga girman wautar da na tafka daga baya.

Bayan na yi difloma na sami gurbin koyon aiki a wani gidan rediyo a Katsina. Shekara biyu ina ɗaukar wa manya jaka ina karanta sanarwar ɗaurin aure. Ran nan aka ce akwai rabin awa ranar Juma'a da yamma da ba kowa a kai, in gwada shirin kiɗan gargajiya, in ya yi kyau a ɗauke ni aiki sosai. Na garzaya Mabai. Kawu ya yi ta ja, don shi a wurinsa ba a yin kan kiɗa sai in aiki zai biyo baya, ba a tayar da mutanen nan a banza. Na yi ta magiya, Inna ta sa baki, ya yarda. Muka je gonarsa da safe, ya rataya ganga, ya yi mini komai tun daga farko, minti talatin cif.

A Katsina aka ce in an cire talla minti ashirin da shida nake da su. Dole minti huɗu su fita. Na so in ce shugaban sashenmu ne ya tilasta mini, amma ƙarya ba ta dace da ta'aziyya ba. Ni na zauna gaban kwamfuta, na saurari farkon, na ji tsoho yana jero sunayen mutanen da ba wanda ya sani, na ce wannan zai sa a canza tasha. Na yanke shi, shirin ya fara daga inda kiɗa ya yi zafi. Har yaba wa kaina na yi.

Abin da ban sani ba, Kawu ya aika Faskari, ya aika Damari, cewa ranar Juma'a bayan la'asar za a kira maigidansa a rediyo. Hajiyar Damari ta ɗaura zanenta na fita, ta hau mashin cikin taɓon damina ta zo Mabai. Mahaifinta ya rasu tun tana budurwa. Ba ta da hotonsa, kabarinsa ma ya daɗe da bajewa. Wuri ɗaya ya rage a duniya da ake ambaton sunansa, shi ne bakin Kawu. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka ɗora rediyo a kan turmi, unguwa ta taru.

Taubashiyata, 'yar Kawu ta fari, wadda ke koyarwa a Faskari, ita ta ba ni labari. Ta ce shirin na farawa Kawu ya karkata kunne, ya jira, ya ƙara jira. Da ya gane, sai ya tashi ya shige ɗaki ya bar baƙinsa a zaune.

A Katsina kuwa shirin ya karɓu. Aka yi ta bugo waya, aka ba ni takardar ɗaukar aiki. Na sayi yadin shadda na nufi gida ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe. Na tarar da Kawu a zaure yana gyaran igiyar ganga. Bai dubi shaddar ba.

"Ina kan kiɗana?"

"Kawu, lokaci ne bai isa ba."

"Na ji tallar sabulu sau ukku. Ita lokaci ya ishe ta."

"Haka aikin yake, Kawu."

"Ni ma haka nawa aikin yake. Na kira mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, sun taso, ka rufe masu ƙofa. Yaya ta zauna nan, nan wurin, tana jiran sunan ubanta. Da aka gama ta leƙo ɗaki ta ce mani, 'Halan ka manta shi?' Ni. Ni za a tambaya ko na manta maigidana."

Da ina da hankali da na durƙusa a nan. Amma ni mutum ne mai saurin hawa, kuma takardar aiki na aljihuna tana hura mini kai. Na ce masa ba don ni ba wa zai ji gangarsa a Katsina. Ya dube ni, ya ce, "To, an ji. Ka gode ma kanka." Ya ci gaba da jan igiyarsa.

Kafin in kai Kankara na yi nadama. Na ce zan ɗauko cikakken in sake sawa. Na buɗe kwamfuta, sai na ga aika-aikar da na yi: a kan ainihin faifan na yi yankan, na kuma adana a kansa, rikodar ma na goge ta na ɗauki wata hira. Sabon shiga ne kawai ke irin wannan. Minti huɗun nan babu su ko'ina. Na zauna na yi ƙoƙarin tuno sunayen da kaina, uku na samu cikin bakwai, su ma ban tabbatar da jerinsu ba. Lokacin da ya kamata in saurara, hamma nake yi.

Kada a ɗauka Kawu ya yi gaba da ni. Bai iya gaba ba. Duk kaka sai buhun sabuwar masara ya iso mini Katsina. Da aka yi mini haihuwa shi ya yi wa yaron huɗuba. Suna kawai ya canza mini, na koma Malam Almakashi, har jikokinsa suka ɗauka sunana ke nan. Kowace salla ina zuwa da rikoda, kowace salla yana cewa, "Na ba ka sau guda ka zubar." Na je Damari na ba Hajiya haƙuri, ta ce ba komai, ta sa aka dama mini fura. Duk wanda ya tashi a hannun tsofaffi ya san irin wannan ba komai ɗin.

Sai kuma zamani ya juya. Gonakin nesa suka gagari zuwa saboda 'yan bindiga, ba mai tara jama'a a daji, balle ya buga gangar da za a jiyo daga nesa. Gayya ta mutu. Tun da babu aiki, Kawu ya daina kan kiɗa, ya rataye ganga a bango. Cikin 'ya'yansa babu wanda ya gaje shi. Na wayi gari na gane cewa mutum bakwai suna zaune a kan tsoho ɗaya mai ciwon ƙirji, kuma ni ne na zubar da dama ɗaya tak da aka samu ta ajiye su.

Abin da na iya yi kaɗan ne. Ban ƙara yanke wa kowa wurin da ya ambaci wanda ya koya masa ba. Na yi faɗa da furodusoshi a kan haka har aka san ni da shi. A cire gaisuwata, a cire kiɗan buɗe shiri, amma wannan wurin ba a taɓa shi. Akwai wani mawaƙin zamani da ake ji da shi, mai zobe a kowane yatsa, da ya fashe da kuka a sutudiyo yana tuna wani tela da ya koya masa jera baiti a bakin keken ɗinki. Furodusa ya ce ya yi tsawo. Na ce to a sa shi da tsawonsa.

Zuwana na ƙarshe da babbar salla ne. Kawu na kwance a ɗaki, ya rame, hannunsa na rawa ko kofi ba ya riƙewa. Rikodata mai 'yar jar fitila na aljihuna, na kasa fito da ita.

"Mi ke cikin aljihunka, Malam Almakashi?"

"Ba komai, Kawu."

"Ba komai ɗin nan naka mai jan ido ne."

Muka yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa na matsa kusa na ce, "Kawu, don Allah ka yafe mani." Ya dubi bango inda ganga take, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ka kama hanya tun da rana, ka san yadda hanyar nan take." Iyakar abin da ya ce ke nan. Da wannan na koma Katsina, da shi kuma na dawo zaman makoki.

Kwana biyu ina karɓar gaisuwa, abinci ba ya wuce mini. Ranar sadakar uku, bayan an yi addu'a an raba gumba, taubashiyata ta aiko a kira ni bayan rumbu. Tun muna yara muke gardamar wane ne bawan wani tsakanina da ita, har yau ba a raba ba. Idanunta sun kumbura, amma bakin na nan yadda na san shi.

"Bawana, ka rame. Halan rediyon ba ya biyan ku?"

"Don Allah ki bar ni, ba ni da ƙarfin wasa."

"Ai kau sai ka yi ƙarfin riƙe wannan." Ta miƙo mini wayarta. "Sati biyu kafin ya cika ya sa na ɗauka. Ya ce kada in ba ka sai an yi ukku, wai kai ma ka ɗanɗana yadda jira yake."

Na zauna a kan wani turmi da aka kife, na danna.

Da safe aka ɗauka, ana jin kaji, ana jin daka daga maƙwabta. Sai muryar Kawu, ta shaƙe amma tasa ce.

"Ta kama? To. Malam Almakashi, salamu alaikum. Shekara goma sha ɗaya ina sauraren shirinka, ban faɗa maka ba don kada kanka ya ƙara girma. Ina kasa kunne in ji ko za ka sake yanke ma wani maigidanshi. Ban ji ba. Har mai kukan tela na ji. To, ka iya aiki.

"Ran da ka ce in yafe maka, ai na daɗe da yafewa. Abin da ya hana ni magana, na san ina cewa na yafe za ka fiddo mai jan ido. Ni kau na biyar ya ɓace mani. Shekara biyu ina neman sunan bawan Allah nan cikin kaina, ban iske shi ba. Da wane ido zan dube ka, ni da na yi maka faɗa kan minti huɗu? Sai shekaranjiya Innarku na daka, na ji yatsuna na bin taɓarya, ashe takenshi nike bugawa. Hannu ya tuna kafin kai. Sai ga sunan ya faɗo."

Na ji ya ce a miƙo masa ƙwarya. Hannun ba ya iya riƙe gula, da yatsu ya buga a bayan ƙwaryar. Ya kira maigidansa na Damari, ya buga takensa. Ya kira na biyu, ya kira na uku. A kan na huɗu tari ya kama shi, dogo, har ana jin taubashiyata tana cewa a bari sai an jima. Ya ce, "A'a. Ki ce mashi kada ya yanke tarin." Ya kira na biyar sau biyu, kamar mai tsoron kada ya sake kuɓuce masa. Ya kai bakwai. Abin da yakan yi a minti huɗu ya ɗauke shi minti tara.

A ƙarshe ya ce, "Daga ni babu kowa, sai in rediyo na iya riƙo. Yaya za ta fara ji, kafin Katsina. Kashe."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ba kukan rashi ba ne, wannan na yi shi tun ranar farko. Wani abu ne da ya tokare mini ƙirji shekara goma sha ɗaya ya sauka, har na ji yunwa ta kama ni nan take. Taubashiyata ta tsaya tana kallona tana share nata hawayen, ta ce, "Dube shi, ƙaton banza. Tashi, Hajiya na shirin tahiya."

Na tarar da Hajiyar Damari ta ɗaure ƙunshin kayanta, mai mashin na jiran ta a waje don su isa kafin la'asar. Na durƙusa a gabanta.

"Hajiya, Kawu ya bar maki saƙo."

Na tsallake maganarsa ta farko, don wannan tawa ce, na sa mata daga inda ƙwarya ta fara. Sunan farko da ya fito na mahaifinta ne. Carbin ya tsaya a hannunta. Kawu ya ce mutumin Damari, mai ɗingishi, wanda ba ya kiɗa da takalmi. Hajiya ta ɗaga yatsa.

"Ba ɗingishi ba ne. Ƙaya ce ya taka shekarar, shi ke nan aka liƙa mashi." Ta matso kusa da wayar. "Sake sa mani."

Na sake. Ta ce in ƙara. Sau huɗu muka ji, mai mashin na ta danna oda a waje, ba wanda ya kula shi. A na ƙarshe leɓunanta na bin sunan. Ta goge fuska da gefen mayafi, ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta yi mini ba tun ranar furar nan.

"Mai rediyo, ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba, Hajiya."

"A zubo mashi tuwo. Ran da za ka sa, ka aiko Damari. Ba sai na hau mashin ba wannan karon, ina da rediyo."

Ba zan rubuta sunayen bakwai ɗin a nan ba. Kawu bai taɓa yarda a raba suna da takensa ba, takarda kuwa ba ta kiɗa. Suna nan a ajiye wuri uku, na koyi darasi. Na kuma haddace su, ina biya su da safe a hanyar zuwa aiki, ina buga taken a kan sitiyari yadda na iya. Shi kuma magidancin da ya yi tambaya a wurin makoki, ga amsarka: e, makaɗi ne, na takwas a jerinsu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da mutanen da ya ƙi bari a manta. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba mu kyakkyawan ƙarshe in tamu ta zo.

Juma'ar da ta biyo baya na aika Damari da Faskari da Mabai, na sa shirin bayan la'asar. Minti tara babu talla. Furodusa ya yi ta nuna mini agogo ta cikin gilashi, na juya masa baya. Tarin yana nan a tsakiya, kaji ma suna nan. Ban taɓa komai ba.